Wane wiski zan riƙa zuwa wajen kiɗa ranar Asabar?

Sarkin Yawo:
Jama'a barkanmu da warhaka. Wata 'yar shawara nake nema, irin wadda in ka kai ta wani wuri za a ce daɗi ne ya yi maka yawa. Ranar Asabar za mu je kallon kiɗa ni da abokaina huɗu. A fili za a yi, makaɗa za su riƙa hawa dandamali rukuni-rukuni tun daga ƙarfe huɗu na yamma har sha biyun dare. Masu taron sun rubuta a jikin tikiti cewa kowa na iya zuwa da abin shansa, amma ban da kwalbar gilashi. Da aka raba aiki, ni aka ɗora wa kawo wiski.

To ga inda gizo ke saƙar. Ina da kwalbar Lagavulin mai shekara 16 da yayana ya ba ni tun bara, ko hatiminta ban ɓalle ba. Wata zuciyar ta ce in juye ta a gorar roba in tafi da ita, wata kuma ta ce kai, nemi wani mai sauƙi ka bar wannan ta huta. Masu sani ku haska mini.

Kawu Mai Jita:
Ɗana, bar kwalbar yayanka inda ka ajiye ta. Na yi shekara da shekaru ina hawa dandamali, na ga yadda ake yi da abin sha a irin wannan wuri. Wiski kamar Lagavulin hanci ne ke fara shansa kafin harshe ya samu rabonsa. Shi ya sa masu ɗanɗano suke amfani da kofin nan mai tumbi da tsukakken baki, don ƙamshin ya taru ya hau hanci. Kai kuwa a kofin roba mai wangamemen baki za ka sha, a tsaye, iska na kaɗawa, na gabanka ya yi wanka da turare, na bayanka yana busa sigari, ga ƙura, ga gumi. Mutanen tsibirin Islay na Sikotlan, inda ake yin sa, sun bar shi shekara 16 a ganga yana tsumuwa, kai kuma ka kwankwaɗe shi kana tsalle, ba ka ma san abin da ya bi ta maƙogwaronka ba. Haba.

Gwanki:
Kawu ai duk maganar ganga ce. Can ganga ta tsuma shi, nan ganga ta raka shi ciki. Ni ban ga rashin jituwa ba.

Kawu Mai Jita:
Kai dai Gwanki ba a raba ka da shaƙiyanci.

Tauraruwa:
Kawu, da girmanka, amma ban bi ka a nan ba. Wannan ajiye-ajiyen ne ke sa mutum ya tara kwalabe a kabad yana jiran wata babbar rana da ba ta da suna. Kuma wiski ba ya ƙara shekaru a kwalba. Tsumuwarsa a ganga take, ranar da aka ɗura shi a gilashi lissafi ya tsaya. Mai shekara 16 ko ya kwana shekara 20 a ɗakinka, mai shekara 16 ne dai. To jiran me ake yi? Ga abokai, ga kiɗa, ga dare. In ba a buɗe ta a irin wannan rana ba, sai yaushe?

Sannan hujjar da ka kawo ta ƙamshi, ni a ganina ta juyo kanka. Wiski mai laushi irin na yankin Speyside, kamar Glenfiddich ko Glenlivet, shi ne iska za ta kwashe ƙamshinsa ta bar ka da zafi kawai. Amma na Islay? Sha'irinsa da hayaƙin ruɓaɓɓen ciyayin fadama ake busar da shi, wanda ake haƙowa daga ƙasa a shanya a ƙona. Wannan hayaƙin ko a tsakiyar guguwa ka buɗe gora sai na kusa da kai ya waiwayo. In akwai wiskin da zai iya ja da fili, to shi ne.

Kawu Mai Jita:
'Yata, na yarda hayaƙin zai tsira. Amma hayaƙi kaɗai aka saya? Ƙarƙashinsa akwai zaƙi-zaƙi, akwai gishirin teku, akwai ɗanɗanon itace. Waɗannan sai a natse ake jin su. A fili hayaƙin ne kawai zai iso, kamar ka je kallon makaɗa goma aka kashe makirufon kowa aka bar na mai ganga.

Tauraruwa:
Wannan misalin ya yi kyau, ba zan hana ka ba. Amma ban sauka ba.

Shiru-Shiru:
Ni tambaya ɗaya ce. Sarkin Yawo, abokan naka sun taɓa shan mai hayaƙi?

Sarkin Yawo:
Gaskiya ɗaya ne kawai na san ya taɓa. Sauran ba su wuce irin waɗanda ake gaurayawa da lemo ba.

Shiru-Shiru:
To ka ga an gama magana. Wanda bai saba ba, kurɓar farko zai ce maka warin asibiti yake ji, ko na tayar da aka ƙona. Daga nan sai ya nemi lemon kwalba ya bulbula a kai don ya kashe warin, kai kuma kana kallo zuciyarka na ƙuna. Ba kai kaɗai za ka sha ba. Aike aka yi maka, sai ka sayo abin da masu aiken za su iya sha.

Gwanki:
Shiru-Shiru ba ya magana sai sau ɗaya a wata, amma in ya yi sai an nemi ruwa.

Uwar Tafiya:
Bari in sa baki, don na sha zuwa irin waɗannan taruka. Da farko ka ƙara karanta tikitin nan da kyau. Wasu wuraren suna barin ka shiga da abin sha amma sun ƙayyade yawansa, wasu kuma sun yarda da shi a wajen da ake kafa tanti kawai, ban da gaban dandamali. Yawancin wasannin da ake yi cikin zaure kuwa ko kusa ba sa yarda, don da cinikin mashayarsu suke rufe wani ɓangare na kuɗin taron. In ka ɓoye aka kama a ƙofa, ƙwacewa za a yi, wani lokacin har da kai a mayar. Tunda naku sun yarda, ka bi sharaɗinsu sak.

Maganar gilashi kuma ba tsirfa ba ce. Bikin Glastonbury na Ingila, wanda aka faro tun 1970, yana barin mutane su shiga da abin shansu daidai na kansu, amma gilashi ko na turare ne ba ya shiga. A gonar shanun madara ake yin bikin, in aka watse shanu ne za su dawo su yi kiwo a wurin. Ko babu shanu ma, ka tuna mutum dubbai ne a cikin duhu, wasu sun cire takalmi, wasu sun zauna a ƙasa.

Sai abin zubawa. Ɗan filas ɗin ƙarfe na aljihu ƙarami ne, ba zai ishi mutum biyar ba. Ka nemi gorar ƙarfe marar tsatsa ko ta roba mai kauri wadda aka yi don abin sha. Kada ka ɗauki gorar da aka taɓa zuba shayi ko lemo a ciki, warin ba ya fita duka. Na taɓa yin wannan gangancin da wata tsohuwar gorar kofi, dare guda muna shan abin da ba shi da suna. Ka wanke ta yau, ka cika ta da ruwa ka kifa ta a kan takarda ka ga ko murfin na yoyo. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wiskin kuma ka juye shi ranar Asabar da safe, kada ya kwana kwanaki a ƙarfe.

Sarkin Yawo:
Na gode Anti, wannan maganar yoyon ko a mafarki ba ta zo mini ba. To in Lagavulin ta zauna a gida, me zan saya?

Dogon Zango:
Jameson, ka huta. Na Ayalan ne, sau uku ake tace shi ta tururi, shi ya sa yake da santsi a baki, ba ya yaƙi da kowa. Wanda yake so zalla ya sha zalla, wanda yake so da lemon citta ya zuba, babu wanda zai ce an yi ɓarna. Ƙarfinsa kashi 40 cikin ɗari, wato mafi ƙarancin da doka ta yarda a kira abu wiski a Ayalan da Sikotlan. A wajen da za a yi awa takwas a tsaye, wannan alheri ne.

Baƙon Dare:
Ni bourbon zan ce, wiskin nan na Amurka. Dalilina zafi. Ba za ka samu ƙanƙara mai ɗorewa a fili ba, gorar za ta ɗumama a jaka, kuma wiski in ya yi ɗumi zafin barasar ne ke fara dukan hanci. Bourbon doka ta ce aƙalla kashi 51 na hatsinsa ya zama masara, kuma a tsuma shi a sabuwar gangar itacen oak da aka babbake cikinta. Wannan ke ba shi zaƙin nan mai kama da narkakken sukari. Zaƙin yana rufa wa ɗumin asiri. Maker's Mark ma ya fi dacewa, don alkama suke sawa a madadin hatsin rai, ya fi taushi. Ko kuma ka ɗauki Jack Daniel's, kowa ya san shi.

Ɗan Lissafi:
Gyara kaɗan yallaɓai. Jack Daniel's su da kansu ba sa kiransa bourbon, wiskin Tennessee suke rubutawa. Kafin ya shiga ganga sai an ɗiga shi ta cikin gawayin itacen maple.

Baƙon Dare:
Na sani malam. Kusan duk sharuɗɗan bourbon ya cika, sunan ne dai ba sa so. Amma ba wannan aka tambaye mu ba.

Ɗan Lissafi:
Haka ne, na bar ta. Abin da ya kawo ni daban ne. Kowa na maganar wane iri, babu mai maganar nawa. Kwalba mai mililita 700, in ƙarfinta kashi 40 ne, akwai zallar barasa mililita 280 a ciki. A Birtaniya ma'aunin mashaya ɗaya yawanci mililita 25 ne, kuma shi ne daidai awo ɗaya na barasa a lissafin likitocinsu. Ke nan awo 28 ne a kwalba. Ku biyar, kowa ya tashi da biyar da ɗoriya. Jikin babban mutum kuma kusan awo ɗaya yake iya sarrafawa a awa guda, wani ma bai kai haka ba.

Abin da ya sa na kawo wannan, na san wani zai zo ya ce tunda wuri ya yi kaɗan a jaka, a ɗauki mai ƙarfi wanda ba a sirka da ruwa ba, irin su Aberlour A'bunadh da ke kai wa wajen kashi 60. Wannan kwalba ɗaya awo 42 ke nan. Kuma a duhu, da gora, babu ma'auni, hannu ne ke zubawa, hannu kuwa ba shi da rowa in kiɗa ya yi daɗi.

Gwanki:
Wallahi ni ne wanin. Har na fara rubutawa na goge.

Kawu Mai Jita:
Ɗan Lissafi ya taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Daga kan dandamali kana ganin komai. In muka ɗaga sauti, hira ta mutu, hannu sai ya koma kan kofi. Mutum ba ya iya magana da na kusa da shi, to me zai yi da bakinsa? Sai kurɓa.

Ɗan Lissafi:
An ma gwada wannan, Kawu. A 2008 wasu masu bincike a Faransa sun riƙa ɗaga sautin kiɗa a mashaya suna saukewa, suna lura da masu sha ba tare da sun sani ba. Da sautin ya tashi, mutane sun fi saurin ƙarar da kofi, sun kuma fi yawan sake saye. Giya ce suke sha ba wiski ba, to ka ƙiyasta in abin da ke hannun ya ninka ta ƙarfi sau bakwai ko takwas.

Mai Sitiyari:
Ni ba na sha, ina zauren nan ne saboda hirar kiɗa, amma kullum ni ake ɗauka in mayar da mutane gida, don haka ina da ta cewa. Sarkin Yawo, wa zai tuƙa ku?

Sarkin Yawo:
Ɗaya daga cikinmu ba ya sha, shi ne mai motar.

Mai Sitiyari:
Madalla. To ku tuna da shi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne a cika jaka da abin sha, ni kuma a ce ai akwai ruwa a can. Ku riƙa masa nasa lemon mai sanyi, kuma kada wanda ya ce masa "ɗan taɓa kaɗan mana". Babu kaɗan ga mai tuƙi.

Ɗan Lissafi:
To lissafi ya canza ke nan. Masu sha huɗu ne, kowa awo bakwai in aka shanye kwalbar. Wannan ba kaɗan ba ne ko a awa takwas. Kada ka yarda wani ya ce a ƙara ta biyu, kuma ba dole ne a ga ƙarshen ta farkon ba.

Uwar Tafiya:
Shi ya sa ni na koma yin yadda Japanawa suke yi. Wiski kaɗan, ruwan soda mai yawa, kamar kashi ɗaya da uku ko ɗaya da huɗu, da ƙanƙara in an samu. A can abin sha ne na yau da kullum, har a gwangwani ake sayar da shi. Kofi ɗaya zai daɗe a hannunka, kana sha kana samun ruwa a jiki. Barasa tana sa yawan fitsari, ga rawa ga gumi, kafin ka farga jiki ya bushe. Kuma wanda ya taɓa bin layin bayi a wajen biki, mawaƙin da ya zo dominsa yana kan dandamali, ya san abin da nake nufi.

Wani abu kuma, tunda har tsakar dare za ku kai: in sanyi ya sauko kada ku ce wiski zai ɗumama ku. Jijiyoyin fata yake buɗewa, ka ji ɗumi a sama alhali zafin jikinka fita yake yi. Ku tafi da riga mai kauri.

Tauraruwa:
Duk na ji, kuma maganar Shiru-Shiru ta kama ni, ba zan ɓoye ba. Amma har yanzu akwai abin da ke damuna. Kun mayar da zancen kamar wiski mai kyau na ɗaki ne da kujera da shiru. Ni kuwa kurɓar da ba zan manta ba a rayuwata a wajen kiɗa na yi ta. An zo waƙar ƙarshe, an rage fitilu, mawaƙiyar ta ajiye makaɗanta ta tsaya ita da jita kawai, fili ya yi tsit. Ƙawata ta miƙo mini ɗan filas. Abin da ke ciki mai hayaƙi ne, kuma na ji komai nasa, har gishirin da Kawu yake faɗa. Ba duk kiɗa ne tsalle ba. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.

Ga sulhu. Ka sayi Jameson ɗin ko bourbon ɗin don jama'a. Sannan ka buɗe kwalbar yayanka, ka zuba mililita 100 a ɗan filas, ka sa a aljihun gaba. In lokacinsa ya zo za ka gane. In bai zo ba ka dawo da abinka.

Kawu Mai Jita:
Wannan na yarda da shi. Amma da sharaɗi, ɗana: ka fara buɗe ta a gida daren Juma'a, ka zuba kaɗan a kofin gilashi, ka ɗiga ruwa ɗigo biyu uku, ka zauna da ita minti goma. Ruwan yana taso da ƙamshin sama. Ka san ta a natse tukuna, don in ka haɗu da ita a cikin hayaniya ka gane muryarta. Kuma ka kira yayanka ka gaya masa ka buɗe. Mai kyauta yana son ya ji labarin kyautarsa.

Baƙon Dare:
Ni dai har yanzu bourbon.

Dogon Zango:
Kai dai har gobe bourbon.

Sarkin Yawo:
Jama'a na dawo da rahoto, ku yi haƙuri sai yau Litinin, jiya barci na wuni yi. Jameson na saya, Baƙon Dare ka yafe ni. Na juye a gorar ƙarfe, muka riƙi ruwan soda da lemon citta, mai motarmu kuma aka cika masa jaka da nasa. A ƙofa an buɗe gorar an shinshina an bar mu. Na gabanmu a layi kwalbar gilashi ya zo da ita, ya tsaya yana roƙo, daga ƙarshe sai juye ta ya yi a gorar ruwan wani da bai sani ba, suka zama abokan dole.

Ƙanƙararmu kafin ƙarfe bakwai ta zama ruwa. Anti, rigar sanyi ta yi rana. Ɗan Lissafi, mun dawo da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na gorar, ka rubuta a littafinka.

Ɗan filas kuma na fito da shi wajen sha ɗaya da rabi, lokacin da wani mai busa ya tsaya shi kaɗai. Abokina da ya saba ya rufe ido ya yi shiru, ya riƙe filas ɗin har sai da na karɓe. Na biyu ya kurɓa ya ce wa ya ƙona katifa. Na uku shinshinawa kawai ya yi ya miƙo mini abina.

Tauraruwa:
Ka ji ko, Kawu? Ya rufe ido.

Kawu Mai Jita:
Na ji. Na kuma ji katifa.

Sarkin Yawo:
Yanzu wata sabuwa ce. Na wanke filas ɗin sau uku da ruwan zafi, har yanzu in na buɗe hayaƙi nake ji. Anti, da me ake fitar da shi?

Uwar Tafiya:
Ruwan ɗumi da ɗan ruwan tsami na kwalba, ka girgiza, ka ɗauraye sosai, ka bar shi a kife ba murfi ya kwana. Kada ka sa sabulu, kumfar ba ta fita ta wannan ɗan bakin. In bai tafi ba, to filas ɗin ya zama na Islay, sai ka sayi wani don sauran.